Waɗanda Suka San Hanyar Tudu

Ƙasar Funtua tudu ce, ko da yake wanda ya taso daga Zariya cikin mota ba zai ji yana hawa ba. Garin na zaune ne a kan tsayin kimanin mita 700 daga bakin teku, kuma daga wannan yankin ne kogin Sakkwato yake tasowa, yana 'yar ƙorama, kafin ya bi ta Gusau ya je ya haɗu da Rima. A tsakiyar gonakin dawa da masara da auduga, duwatsu ne a tsaitsaye, wasu sumul kamar an kife ƙwarya, wasu kuma tarin manyan falalai ne da suka hau kan juna. Haka suke a warwatse daga Funtua zuwa Ƙanƙara da Pauwa, har a dangana da Kwatarkwashi ta ƙasar Zamfara.

Wanda ya hau ɗaya daga cikinsu a watan Agusta zai tarar da wata 'yar duniya daban a sama. Ciyawa ta yi shimfiɗa a duk inda ƙasa ta samu wurin kwanciya, ruwan sama ya taru a kwarmin dutse har da 'yan talibambam a ciki. Hano yana tsaye a tsagi, ɓawonsa na saɓulewa fari-fari, kukkuki na gefe, tinya ta riƙe bakin gangare. Rema ta leƙo ta koma, kazar dutse ta yi kuka daga inda ba a ganin ta. Amma baƙo ba ya kai wa can shi kaɗai cikin sauƙi. Yaron ƙauyen da ke gindin dutsen ne zai shige gaba, ya waiwayo ya ce, "Baba, kar ka taka baƙin nan, santsi gare shi in an yi ruwa. Biyo ta nan, inda awaki suke bi." Idan an sauko a ba shi na goro, ko a sa masa albarka kawai.

A wasu ƙasashe wannan aikin da yaron ya yi sana'a ce mai lasisi da ƙungiya, wadda ta haura shekara 200. Mutane na biyan kuɗi masu kauri don a shige musu gaba a makiyayun kan tsauni, a faɗa musu sunan fure da tsuntsu, a dawo da su lafiya. Tarihin wannan sana'a ya ratsa ta ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato, kuma a ko'ina aka bi sawunsa, makiyayi ko maharbi ko bafatake ake tararwa a farkonsa.

Kakanninmu ba don shaƙatawa suke hawan dutse ba. A kansa ko a gindinsa suke zaune. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin ƙasar Katsina da ya fito a 1981, ya nuna yadda tsofaffin garuruwa da yawa suka kafu a jikin duwatsu, saboda ƙasar gindin dutse na da albarka, ruwa ba ya yankewa, ga mafaka ranar yaƙi, ga kuma imanin mutanen da cewa iskoki na zaune a can. Haka Kano ta taso a gindin Dala, inda tarihi ya ajiye Barbushe. Haka Zazzau take da Turunku da Kufena. A Kwatarkwashi, har cikin ƙarnin da ya wuce, samari na hawan dutsen lokacin bikin Baura su kamo mikiya da hannu, kuma ba kowa ne ya san tsagin da ake bi a kai ga sheƙarta ba. Irin wannan sani gado ne na gidaje: gidan sarkin baka, gidan masu magani da ke zuwa ɗebo saiwa da sassaƙe, gidan masu tsafi kafin a daina. A kudancin Katsina, inda Maska da Gozaki suka yi suna da auduga da saƙa da rini tun kafin jihadi, kowane dutse yana da mutanensa da ake tambaya kafin a hau.

Wanda ya mayar da sanin hanya muƙami sosai shi ne bafatake. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja a da yana da madugu, yana da uban dawaki, yana da malamin da ke riƙe lissafi yana duba ranar tashi, sannan yana da jagaba. Jagaba ne ke wucewa gaba. Shi zai san kogin da ya kawo da mashigin da jaki zai iya ratsawa da kaya, ya san zangon da ke da ruwa da ciyawa, ya san sarkin da ke karɓar fito daidai da wanda ke zalunci, ya kuma ji ƙishin-ƙishin 'yan fashi kafin ayari ya faɗa hannunsu. Tafiya ce ta watanni zuwa Salaga, mutum ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, da dukiyar gari guda a bayan jakuna, duk sun dogara ga abin da mutum ɗaya ya riƙe a kansa. Agalawa, waɗanda suka yi fice a wannan fatauci kuma daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, da yawansu a ƙauyukan kudancin Katsina da yammacin Kano suka fara zama. Ke nan ƙasar da muke magana a kanta ta haifi masana hanya da suka san Borgu da Dagomba ƙafa da ƙafa.

Turawan da suka fara ratsa ƙasashen nan sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka raina wannan sani. A watan Yulin 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, yana kusa da Gat a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa, ya ƙudurta sai ya hau dutsen Idinen. Buzaye suka ce masa wurin fadar aljannu ne, ba mai raka shi, kuma suka gargaɗe shi kada ya je. Ya ɗauki ɗan ruwa da guzuri ya tafi shi kaɗai. Ya kai sama a galabaice, ruwansa ya ƙare, da ya sauko kuma hanya ta ɓace masa. Ya kwana a ƙarƙashin wata busasshiyar bishiya, ƙishi ya kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Sai washegari da yamma wani Buzu ya bi sawunsa a kan raƙumi ya tsinto shi, ya yayyafa masa ruwa a ka kafin ya ba shi ya sha. Duk littattafai biyar da Barth ya rubuta daga baya, waɗanda masana tarihin Katsina da Kano da Borno ke dogaro da su har gobe, rayuwar da wannan mutumin ya ceto ce ta haife su. Daga nan Barth ya shiga hankalinsa. Ya ratsa duwatsun Asbin a ƙarƙashin kariyar Annur na Tintellust, ya wuce ta gindin Bagzam mai tsayin fiye da mita 2,000, ya biyo ayarin gishiri har ya shigo Katsina a watan Janairun 1851.

Bayan shekara 30 aka sami labarin da ya fi kusa da abin da ake kira rakiyar baƙo zuwa makiyayar tudu, kuma Bahaushe ne a gaba. Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki mutumin Kano ne da ya tsufa a fataucin haure a Adamawa. Ya san hanyoyin da ke hawa daga kwarin Binuwai zuwa tuddan Ngaundere da Banyo da Tibati, ƙasar sanyi da hazo da ciyawa iya ganinka, inda Fulani suka baza shanu. Shi ne ya shige wa Bajamushe Eduard Robert Flegel gaba, har Flegel ya kai mafarin kogin Binuwai kusa da Ngaundere a 1882. A 1884 Flegel ya tafi da shi Jamus tare da abokinsa Madugu Ɗan Tambari, suka yi watanni a can, kuma a 1885 ya buga ɗan littafi da ke ɗauke da labarin rayuwar Mai Gashin Baki kamar yadda ya ba shi. Da wuya a sami wani jagoran ayari na wancan ƙarni da muka san tarihinsa daga bakinsa kamar wannan.

Akwai ɗaci a cikin labarin. Lokacin da madugan biyu suke Jamus, a lokacin ne ake zaman taron Balin inda Turawa suke shata ƙa'idar rabon Afirka. Flegel ya mutu a Brass a 1886, amma hanyoyin da aka nuna masa sun riga sun hau taswira, kuma tsakanin 1899 da 1902 sojojin Jamus suka ci Tibati da Ngaundere da Banyo. Ban ga laifin dattijon ba. Ya yi abin da madugu ke yi ne, ya karɓi amanar baƙo ya kai shi ya dawo da shi. Sai dai abin ya nuna cewa sanin hanya dukiya ce da wani zai iya karɓa a hannunka ya yi abin da ba ka nufa ba da ita.

Su kansu Turawan, a gida, daga hannun talakawan kan dutse suka koyi hawa. A 1760 wani masani ɗan Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa kyauta ga duk wanda ya gano hanyar hawa Mont Blanc, tsaunin da ya haura mita 4,800 a kan iyakar Faransa da Italiya ta yau. Sai da aka shekara 26 kafin a ci kyautar. Ranar 8 ga Agustan 1786 likitan ƙauyen Chamonix, Michel-Gabriel Paccard, ya kai ƙololuwa tare da Jacques Balmat, maharbin awakin dutse mai tonon duwatsu masu ƙyalli yana sayarwa. Da shekara ta zagayo Saussure ya hau da kansa, da 'yan rakiya 18. Daga nan baƙi suka fara kwararowa, manoma da makiyayan kwarin suka sami abin yi da bazara.

Masifa ce ta mayar da abin ƙungiya. A 1820 wani Dokta Hamel ya matsa wa masu rakiyarsa su ci gaba da hawa bayan sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba, alhali sun nuna masa ba su yarda da yanayin ba. Dusar ta zaftare ta binne uku daga cikinsu, kuma sai a 1861 ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali ta fito da ragowar gawarwakinsu a gindin tsaunin. A 1821 mutanen Chamonix suka kafa ƙungiyar jagorori, wadda tana nan har yau. Abu biyu suka fara tsarawa, kuma duk wanda ya san tashar mota zai gane hikimarsu: bin layi, don kowane jagora ya sami baƙo idan layi ya zo kansa ba tare da mai baki ya cinye kasuwa ba, da asusun taimakon wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya mutu. Kulob ɗin masu hawan tsaunukan Alps ya kafu a Landan a 1857, Thomas Cook ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido na farko Siwizalan a 1863, sana'a ta zauna da gindinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne makiyayun da baƙin ke zuwa gani. Mai kallon hoto zai ɗauka haka Allah ya bar su, ba hannun kowa. Alhali mafi yawansu aikin makiyaya ne na ɗaruruwan shekaru: an sare daji, ana hawa da shanu da bazara a sauko da su kafin hunturu, ana yankan ciyawa, ana gyara hanya da magudanar ruwa. Inda aka daina kiwo, ƙaya da ƙananan itatuwa kan rufe filin, furannin su ragu. A ƙauyen Törbel na Siwizalan akwai rubutacciyar yarjejeniya ta 1483 a kan makiyayar gari, da dokar 1517 da ta ce kada wanda ya tura shanu tudu fiye da adadin da zai iya ciyarwa da hunturu a gidansa. Elinor Ostrom ta kafa hujja da wannan ƙauye a binciken da ya kai ta ga lambar Nobel a 2009, don ta nuna cewa jama'a na iya riƙe dukiyar tarayya da kansu ba ta lalace ba. Duk dattijon da ya ga zamanin da burtali yake burtali, mashaya take mashaya, ardo da mai gari suke zama su sa ranar sakin shanu a gona bayan an kwashe amfani, ya san wannan ilimi ba sai an karanta masa ba.

A Nijeriya, wurin da ya fi kama da waɗancan makiyayu shi ne tudun Mambila a Jihar Taraba. Mota na fara hawa daga Mayo Selbe, tana nannaɗe dutse, sai ga ta a Maisamari da Nguroje da Gembu, a kan tsayin kimanin mita 1,600, inda ake kwana da bargo a watan Afrilu kuma ake noman ganyen shayi a Kakara. Ƙasar tana cikin Kamarun Jamus a da, ta koma riƙon Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da ita Nijeriya cikin Lardin Sardauna. Da yake ƙudan tsando ba ya jure sanyin wurin, shanu na tsira daga sammore, shi ya sa garkunan Fulani suka yi ta hawowa da yawa tun wajen shekarun 1940, suka tarar da Mambilawa manoma da suka daɗe a can. Zaman ya yi daɗi ya yi ɗaci. Rigimar fili tsakanin gona da makiyaya ta sha jawo zubar da jini, mafi muni a watan Yunin 2017.

A arewa da tudun ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, mafi girma a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan baki ɗaya. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, da ma'aikacin gandun daji da 'yan dako daga ƙauyukan gindin tsaunin, ana ratsa rugage da kurmi da rafuka masu sanyin ƙanƙara kafin a fita fili inda iska ke kaɗa gajeriyar ciyawa. A kurmin Ngel Nyaki kuwa, wanda aka keɓe tun 1969, aikin binciken da Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury ta Niyuzilan ta kafa ya dogara ne ga matasan ƙauyen Yelwa, waɗanda ke bin bishiyoyi wata-wata suna rubuta lokacin fure da 'ya'ya, suna bin sawun birai. 'Ya'yan manoma da maharba ne, abin da suka tashi da shi ne ya zama aikin albashi.

Kudancin Katsina ba ta da tsauni irin wannan, amma tana da dazuka da duwatsu da za su iya riƙe irin wannan sana'a daidai gwargwado. Abin da ya faru shi ne ƙasar ta cika. Jirgin ƙasa ya ratso ta Funtua a kan hanyarsa ta zuwa Ƙauran Namoda, inda ya kai a 1929. Injinan gurzar auduga suka kafu a Funtua da Malumfashi, Sarkin Maska ya dawo da mazauninsa bakin hanya, baƙi suka cika gari. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, da takin zamani da irin masara da hanyoyin karkara. Arziki ya ƙaru, wannan ba musu. Sai dai gona ta bi saura ta cinye, ta bi fadama, ta matse burtali har wani wuri saniya ɗaya ba ta wucewa ba ta taɓa shuka ba. Dokar keɓe makiyaya da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965 ta tsaya a takarda a wurare da yawa. Mutanen da aka san su da sanin daji, wato makiyayi da maharbi da mai sassaƙe da malamin daji, kowa ya ga filinsa yana tsukewa.

Sauran labarin a kan idonmu ya faru. Dajin Rugu, da Kamuku na Birnin Gwari wanda aka keɓe tun 1936 aka mayar gandun ƙasa a 1999, da Kuyambana, duk suka koma mafakar 'yan bindiga. Daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su a ƙasa cikin daji da duwatsu har ƙasar Zamfara, ƙafafu duk ƙaya, sai ranar 17 ga wata aka sako su. Waɗanda suka kora yaran nan cikin duhu sun san kowace hanya da kowane rafi. Sanin jagaba ne, ya faɗa hannun da bai kamata ba. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana jigilar itace daga daji, aka rufe wasu hanyoyi, aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Malumfashi da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

Ɓarnar da ba a cika lissafawa ba ita ce yadda sanin daji ya zama abin tuhuma. Mutumin da a da ake nema idan saniya ta ɓata ko ana son saiwar magani, yau idan aka gan shi ya fito daga bayan dutse sai a fara raɗe-raɗin ko infoma ne. Don haka ya daina zuwa, ya daina tafiya da ɗansa, kuma wannan irin ilimi da ƙafa ake koyon sa, ba a gadon sa a zaune a zaure.

Tun a ƙarshen 2020 kuwa gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, kuma dajin Kogo da ke yamma da Funtua, wajen Faskari da Sabuwa, yana cikinsu, tare da Falgore ta Kano. Ranar da ƙura ta lafa aka zo ɗaukar ma'aikata, za a buƙaci wanda ya san inda ruwa ke kwana da rani, da tsohon burtalin da ya ratsa dajin, da kufan da ke gindin kowane dutse da sunan mutanen da suka tashi daga cikinsa. Masu wannan sani suna nan da sauransu, maharba da ardo-ardo da tsofaffin malaman daji, da yawansu suna zaman gudun hijira a unguwannin Funtua da Faskari, kuma sun manyanta.